Sandar Awon Ruwa da Tabarau ɗin Uwata

Haɗeja,
ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ki Zariya lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, da na direban da yake ganin tunda motar tasa ce, hanyar ma tasa ce. Na ba innarki takardar ta cusa miki a ƙasan akwati, ƙarƙashin ƙullin busasshen kifi, domin na san nan hannunki zai fara kaiwa in kin sauka. In kin ji tana ƙarni ki yi haƙuri, ƙarnin gida ne.

Za ki yi mamakin uban da yake kwana gida ɗaya da 'yarsa amma sai ya rubuta mata wasiƙa. Bakina ne yake da nauyi, kin sani. Kwana biyu na yi ina rubuta ta a tsakar gida, inda rana ta fi haske, shi ya sa kika ga baƙaƙen manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Ba labari zan ba ki ba, don babu labarin gidan nan da ba ki riga ni ji ba. Abu biyu ne suka zaunar da ni. Na farko, ina neman ki yafe mini marin da na yi miki a ƙofar shagon tela kina 'yar shekara takwas. Shekara goma sha ɗaya ke nan maganar tana tsaye mini a wuya. Na biyu, abin da ya faru shekaranjiya Talata, da kika ɗaga mini hannu a hanyar kasuwa ban amsa ba. Innarki ta ce kin dawo kin shige ɗaki ba ki ci tuwo ba, wai kin ɗauka fushi nake da tafiyarki jami'a. Ba na so ki fara karatu da wannan a ranki. Amma ki bar ni in bi ta hanyata, kin san ni ba na iya miƙe magana.

A hutun da ya wuce muna zaune a bakin kogi, kika rufe littafin da kike karantawa kika yi mini wata tambaya. Kika ce, "Baba, in mutum ya hango kututture yana yawo a ruwa, ya ce kada ne, ya gudu, abin da ya zo masa a kai hoton mene ne?" Na ce na kada mana. Kika ce, "To ai babu kada a wurin. Kututture ne ya jawo hoton. Me ya sa ba za mu ce hoton kututture ba ne? Ko mu ce hoton yana nufin kada ko kututture, duk wanda ya samu. In haka ne kuwa mutumin bai yi kuskure ba, kuma babu wanda ya taɓa yin kuskure a duniya." Kika ce manyan masana sun daɗe suna fama da wannan magana, har yanzu ba su sasanta ba. Ni kuwa na ce ki bari in gama cin gyaɗata tukuna. Gaskiya ba gyaɗar ce ta hana ni ba, amsa ce ba ni da ita. Amma na koma gida ina jin kaina ya kumbura. 'Ya'yan wasu suna tambayar iyayensu zane da takalmi, ni tawa tana tambayata yadda ake yi kai ya yi kuskure. Tun ranar nake juya tambayar, sai na ga ashe a kan wannan fanni ubanki ba ƙaramin malami ba ne, don ya yi kuskure iri-iri kuma yana tune da su.

Bari in fara da sanda. Kin taso kin ga ana ce mini Garba Mai Sanda, amma ba ki san yadda sandar ta taɓa kunyata ni ba, don lokacin kina 'yar shekara shida. Ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba aka ɗauke ni aikin awon ruwa. An kafa wata doguwar sanda a gefen kogi, an yi mata zane fari da baƙi, da lambobi daga ƙasa zuwa sama. Aikina in je safe da yamma in duba inda ruwa ya kai a jikinta, in rubuta, ƙarshen wata a aika Kano. Aiki ne da ko akuya za ta iya in ta san lamba, amma ni na ɗauke shi kamar alƙalanci. Har hula na canza. Da na yi damina biyu ina awo sai na lura da wani abu: duk sa'ad da ruwa ya kai ƙafa takwas a sanda, to yana gab da haura jingar da ke tsare fadamarmu, inda muke shuka gero a ɗan tudun gefe. Na faɗa wa mutane, aka gwada aka ga haka ne. Daga nan manoma suka riƙa tsayar da ni a hanya suna cewa, "Mai Sanda, ruwa nawa yau?" Ni kuwa in gyara murya in faɗa.

Da rani na wata shekara shanu suka zo shan ruwa, suka ture sandar. Na je da safe na tarar da ita kwance cikin laka. Abin da ya kamata in yi shi ne in sanar da waɗanda suka kafa ta, su zo da kayan awonsu su mayar da ita daidai. Amma na ji tsoro kada a ce ban iya tsaron sanda guda ba. Sai na ɗauke ta da kaina, na mayar da ita raminta, na danna, na tattake laka a gindinta, na ja baya na dube ta. Ta miƙe sarai, lambobinta suna nan. Ban gaya wa kowa ba, har ni kaina na manta.

Damina ta zo, gero ya nuna, saura 'yan kwanaki ya gama bushewa a yanka. Wata safiya na duba sanda na ga ƙafa bakwai. Ina rubutawa sai ga Baba Gambo ya turo jirginsa gaɓa. Ba za ki tuna shi sosai ba. Tsohon masunci ne daga wajen Guri, ɗan siriri, ba ya iya karanta ko baƙi ɗaya na boko, amma ban taɓa ganin mutumin da ya san kogin nan kamarsa ba. Ya gaishe ni, ya ce, "Garba, ka gaya wa mutanenka su yanke geronsu yau."

Na ce, "Baba, ƙafa bakwai ne. Da sauran ƙafa guda. Ko da gudu ruwan yake zuwa, muna da kwana huɗu ko biyar."

Ya ce, "Ni ban san ƙafa ba. Amma ka ga giyayyar can? Ruwa ya rufe babbar saiwarta tun jiya. Tun ina yaro, in ya rufe ta, ba ya kwana biyu bai shiga fadama ba. Tururuwa ma sun kwashe ƙwansu sun hau sama."

Na yi dariya, Uwata. Ina jin dariyar har yau a kunnena. Na ce, "Baba, zamanin tambayar tururuwa ya wuce." Ya tura jirginsa ya tafi. Mutanen da suka ji maganarsa suka shiga gona ran nan suka yanke geronsu da ɗan sauran ɗanyensa. Gida huɗu suka bi tawa, har da gidanmu, muka ce bari ya ƙara bushewa. Washegari da hantsi jinga ta ɓalle. Kafin azahar ruwa ya kai ƙirji a gonakin, zangarniya kawai ake gani tana leƙowa. Na ruga bakin kogi na duba sanda, ƙafa bakwai da 'yan kai. Na tsaya ina kallon ta kamar za ta ba ni haƙuri.

Wanda ya fara zuwa da jirgi don a ceci abin da za a iya ceta, Baba Gambo ne. Wuni ya yi yana tura jirgi tsakanin karan gero, muna yankan zangarniya muna zubawa ciki. Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko da ido. Abin da muka tsamo bai kai rabi ba, shi ma wani ya ruɓe. Sauran gidajen nan uku sun sha wuya a shekarar, kuma maganata ce ta jawo musu. Akwai matar da har ta rasu ba ta sake tambayata ruwa nawa ba.

Sai da ruwa ya janye da rani muka gane abin da ya faru. Baba Gambo ne ya kai ni gindin sandar ya nuna mini tsohon tabon laka a jikinta, inda ƙasa take kama ta a da. Tabon yana sama da ƙasa da taƙi ɗaya da rabi. Ashe da na mayar da ita ban nitsa ta yadda take ba, ta ɗago sama. Duk damina tana faɗa mini bakwai alhali ruwa yana takwas. Na ce, "Baba, sandar nan ta yi mini ƙarya." Ya girgiza kai ya ce, "Garba, itace ba ya ƙarya. Ka tambaye ta inda ruwa ya kai a jikinta, ta faɗa maka. Kai ne ka ɗauka labarin kogi take ba ka."

Na daɗe ina tauna wannan magana, kuma a nan ne nake ganin rabin amsar tambayarki take. Da sandar wani kara ne kawai da ruwa ya kawo ya maƙale a gaɓa, babu mai cewa ta yi kuskure, duk inda ruwa ya kai mata. Ta zama abin da ake iya cewa ya yi daidai ko bai yi ba ne saboda an ɗora mata aiki, an ce ke ce za ki riƙa gaya mana tsayin kogi. Da ta ɗago, aikin bai sauka daga kanta ba, iya shi ne ta daina. Haka nake ganin hoton da ke kan mutum. Aikin hoton kada shi ne ya gaya maka akwai kada. In kututture ya tashe shi, ba ya zama hoton kututture don haka. Yana nan hoton kada, sai dai ya tashi a inda bai kamata ba. Ban sani ba ko masananki za su yarda, in sun ƙi ki ce musu mai awon ruwa ne ya faɗa, kada su matsa masa.

To ga nasihata ta farko. Duk abin da kike awon duniya da shi, ko littafi ne, ko malami, ko hankalinki, ki riƙa zagayawa kina duba gindinsa. Lambobin sandata ba su goge ba, ba ta karkace ba, kyakkyawa da ita. Daga gindi ta motsa, inda ido ba ya zuwa. In kuma ke ce kika taɓa ma'aunin, ki faɗa da wuri, kunyar faɗa ba ta kai ta geron mutane ba. Sa'an nan in wani tsoho mara takarda ya ce miki abin da kike karantawa bai yi daidai da abin da yake gani ba, kada ki yi dariya. Ba lallai ne shi ke da gaskiya ba. Amma ma'auni biyu sun saɓa, dole ɗaya ya motsa, kuma ba ki san wanne ba sai kin je kin duba. Baba Gambo da kansa duk shekara sai ya je ya dafa saiwar giyayyar nan da rani, ya ga ko ƙasa ta zaizaye a gindinta. Yanzu da aka tare ruwan can sama, kogin ya canza hali, da yana raye na tabbata da ya nemi wata saiwar. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Kya ce mutumin da sanda ta yi wa haka ya yi hankali ke nan har abada. Ina fa. Shekara biyu kacal na ƙara na maimaita, wannan karon a kanki.

Tun kina ƙarama ake kawo mini ƙararki. Wannan ta ce kin wuce ta a hanyar rijiya ba ki gaishe ta ba. Wancan ya ce ya yi miki alama da hannu daga tsallaken hanya kin dube shi kin ɗauke kai. Gwaggonki ta ce 'yar nan tana da wani kallo, sai ta tsuke ido ta ɗaga haɓa kamar matar hakimi. Kuma gaskiya ne, haka kike yi. A gida kuwa babu yarinyar da ta kai ki ladabi, kina durƙusawa har ƙasa. Maimakon wannan ya sa in tsaya in yi tunani, sai na ce ashe ma kin iya, zaɓen waɗanda za ki gaisar kike yi. Hoto ya zauna mini a kai: Uwata mai girman kai ce. Daga nan duk abin da kika yi sai in ga ya dace da hoton. In kin kusanto da allo har yana taɓa hancinki, in ce iyayi ne. In kin ƙi fita wasa da yara da yamma, in ce kin fi ƙarfinsu ne.

Ranar da abin ya faru ina zaune da abokaina a ƙofar shagon tela. Kika fito daga lungu da ƙwaryar nono a ka, a ɗaya gefen hanya. Kika juyo, kika dube mu sosai, kika tsuke ido, kika wuce abinki. Wani daga cikinsu ya ce, "Mai Sanda, yau har da kai?" Suka kwashe da dariya. Na ƙwala miki kira. Kina jin muryata kika juyo da murna, kika tsallako da sauri kina cewa, "Baba, ashe kai ne." Ni kuwa na ɗauke ki da mari a gaban mutane. Ƙwaryar ta faɗi, nonon ya zube. Ba ki yi kuka nan take ba. Kika durƙusa kina laluben ƙwaryar, kika ce, "Ban gan ka ba, Baba." Na ce ƙarya kike yi, ai ido cikin ido muka haɗa.

Wata uku bayan haka Malama Saratu ta yi sallama a gidanmu. Kin fi ni sanin ta, malamarku ce ta aji biyu, mutuniyar kudancin Zariya da ke zaune bayan gidan mai. Ran Lahadi ce, daga coci take, da ɗankwalinta fari. Muka gaisa a zaure, ta ce, "Baban Hadiza, yaushe rabon da a duba idon yarinyar nan?" Na ce idonta lafiya lau, ga shi nan fari tas. Ta ce, "In na yi rubutu a allo ba ta kwafa sai ta leƙa littafin ta kusa da ita. Da na ɗauka satar amsa take yi, har na kusa dukanta. Sai na ce bari in gwada tukuna. Na dawo da ita gaba, ta fi kowa. Na mayar da ita baya, ta koma leƙe. Na tsaya a bakin ƙofar aji na ɗaga yatsu uku, ta ce mini biyar. Malam, 'yarka ba ta ganin nesa."

Ki dubi wannan mata, Uwata. Ita ma hoto ya zo mata a kai, kamar yadda ya zo mini. Ita ma ta ga ɓarauniyar amsa. Amma kafin ta ɗaga bulala ta ce bari ta gwada, ta canza miki wurin zama sau biyu. Ni da na haife ki, ko sau ɗaya ban ce matso kusa in ga ko za ki gane ni ba. Ba danginmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba, aikinta ya ƙare a bakin aji, amma ta tako har zaurena ranar hutunta. Ban taɓa daina ganin girmanta ba, kuma duk inda kika kai a karatu ki sani da ƙafarta a ciki.

Muka kai ki asibitin ido a Kano, aka ba ki tabarau. Ba zan manta da dawowarmu ba. Muna saukowa daga mota kika tsaya cak kina kallon wata bishiyar tsamiya, kika ce, "Baba, ashe daga nan ma ana ganin ganye ɗaya-ɗaya?" Kika riƙa gaishe da mutane tun daga nesa, har da waɗanda ba ki sani ba, har wani mai jaki ya tsaya yana tambaya ko 'yar wace ce wannan mai fara'a. Kowa yana dariya, ni kuwa ƙofar shagon tela nake tunawa.

A nan ne na yi abin da ya fi marin muni. Innarki ta same ni ta ce, "Malam, ka ba yarinyar nan haƙuri." Kin san abin da na ce mata? Na ce, "Ko girman kai ne ko rashin gani, duk ɗaya ne, ba ta gaishe ni ba." Kin ji fa. Kada ko kututture, duk wanda ya samu. Na faɗaɗa maganata yadda za ta haɗiye kowace irin gaskiya, don kada a ce na yi kuskure. Innarki ta dube ni ta ce, "Da ka ɗaga hannu, rashin gani ka mara ko girman kai?" Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Mace ce da ba ta yi makaranta ba, amma da tambaya ɗaya ta gama da ni, kuma ina jin ta amsa taki ma. Mai gudun kututture ba kada ko kututture yake gudu ba, kada yake gudu. Ƙafarsa ta san abin da kansa ya ce. Hannuna ma ya san abin da kaina ya ce, girman kai ya mara. Girman kan kuwa babu shi, 'yata ce kawai a wurin da ƙwaryar nono.

Abin da ya fi ba ni mamaki in na tuna shi ne wannan. Ke da ba ki gani, kin san ba ki gani. Kin faɗa ma, da bakinki. Ni da idona yake garau, nake karanta lambar sanda daga kan gaɓa, ni ne na ga abin da babu shi, kuma na rantse a kansa. Saboda haka nasihata ta biyu: ki fi jin tsoron abin da ya fito miki sarai fiye da wanda ya yi miki dishi-dishi. A jami'a za ki haɗu da mutane daga ko'ina, masu wani yare, masu wata ɗabi'a. Wata za ta wuce ki ba gaisuwa, wani malami zai yi miki magana a tsaye. Hoto zai zo miki nan da nan, ba ki da ikon hana shi zuwa, haka Allah Ya yi kai. Amma kafin ki ɗaga hannu, ko harshe, ki yi irin ta Malama Saratu, ki canza wa mutum wurin zama ki sake dubawa. In kuma ta tabbata kin yi kuskure, ki kira shi da sunansa tun yana ɗanye. Kada ki yi masa kwaskwarima irin tawa. Mutumin da ya shirya maganarsa yadda ba za ta taɓa zama kuskure ba, bai ce komai ba ke nan, kuma mutanen gidansa ne suke shan wahalarsa.

Na lura da ke duk shekarun nan, ko da ban faɗa ba. Ba ki taɓa tayar mini da maganar ba. Kina gaishe ni, kina kawo mini ruwan alwala, kina karanta mini jarida. Amma tun ranar ba ki sake tsallako hanya da gudu don kin ji muryata ba. Kina zuwa a hankali, kina duban fuskata tukuna. Ni na jawo, kuma na sani. Duk da haka kika tashi yarinya mai adalci. Na ji yadda kika tsaya wa wata 'yar ajinku a makarantar kwana da aka ce ta ɗauki abin da ba nata ba, kika ce a bincika tukuna, aka bincika aka ga ba ita ba ce. Da labarin ya zo mini na shiga ɗaki na zauna ni kaɗai. Abin da na kasa koya daga sanda, ke kin koye shi daga marina. Ina alfahari da ke, Uwata, fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma tafiyarki jami'a ita ce abu mafi daɗi da ya same ni tun haihuwarki. Ki yafe mini. Ba girman kai ba ne, ba ki gan ni ba ne, kin faɗi gaskiya, ni ne na yi kuskure.

Saura maganar Talata. Kin tuna bara da na bar aikin awo na ce gwiwa ce ta hana ni gangara gaɓa? Gwiwata lafiyarta ƙalau. Lambobin ne suka daina fitowa. Na fara da matsawa kusa, har na kai ina shiga ruwa zuwa cinya kafin in karanta, sai na ce kada in sake cin amanar mutane da sanda, na ajiye aikin. Jaridar da nake ba ki ina cewa ina son jin yadda kike karatu, ita ma dalilin ke nan. Yanar ido ce take rufe mini idanun biyu a hankali. Innarki kaɗai ta sani, na hana ta faɗa miki, don na san halinki, sai ki ce kin fasa tafiya. Kada ki fasa karatunki. Malama Saratu ta riga ta yi magana da wani ɗan'uwanta a Kano, bayan kaka za a kai ni a duba, an ce irin wannan ana yin aikinsa a dace.

Ran Talata na ga wani abu mai launin shuɗi ya tsaya a tsallaken hanya, ya motsa, ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya tafi. Na ɗauka wata mai talla ce take gyara kayanta. Sai da na dawo gida innarki ta ce ke ce, da sabon mayafinki, kina ta ɗaga mini hannu. Ban gan ki ba, Uwata. Na san nauyin wannan magana, don na taɓa jin ta daga bakin wata yarinya na ce ƙarya take yi. Ke ki yarda da ni, ko da ban cancanta ba.

In Allah Ya kawo ki hutu, za ki same ni a ƙofar shagon tela, inda na saba zama. In kin sauko daga mota kika ga na dube ki sosai, na tsuke ido, na ɗaga haɓa kamar hakimi, ban tashi ba, kada ki tsaya a tsallake kina karanta fuskata. Ki kira ni kawai. Muryarki ba ta taɓa ɓace mini ba, zan taso.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama. Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da ƙawaye masu gaskiya. Ya kiyaye miki idonki da tabarau ɗinki, ki riƙa sa shi a gidansa in za ki kwanta, kada ki ajiye shi a kan gado yadda kika saba. Innarki tana gaishe ki, ta ce kifin na wata guda ne, ba na mako guda ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Garba Mai Sanda.